Hurumin Gidan Mai Wurno a Bakin Shuɗin Nilu

Wanda ya bar Sinnar ta ƙasar Sudan ya bi gaɓar Shuɗin Nilu ya yi kudu, ba zai yi nisa ba zai riski wani gari mai sunan da kunnen Basakkwace ya sani: Mai Wurno. Sunan mutum ne kafin ya zama na gari. Muhammadu Bello Mai Wurno ɗa ne ga Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda sojan Ingila suka kashe a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903, wata huɗu bayan faɗuwar Sakkwato. Ɗan ya tsira, ya ci gaba da hijira gabas tare da waɗanda suka rage, Fulani da Hausawa, malamai da manoma da masu kiwo. Wajen 1906 suka yada zango a Shehu Ɗalha, gabas da kogin, daga baya suka ƙetare suka sari daji a yamma.

Kada mai karatu ya hango gidan gona irin na yau, mai waya da turaku. Dukiyar gidan Mai Wurno ita ce ikon raba ƙasa: wa zai noma fadamar da kogi ya janye ya bari, wa zai yi gonar damina, ina za a kafa ruga, ta ina burtali zai bi zuwa mashaya. Abin mamaki, Turawan da suka kashe uban a Najeriya su ne suka amince da sarautar ɗan a Sudan. Ba don ƙauna ba. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwa sun rage jama'a, suna neman hannun da zai riƙe fartanya. Da haka ƙauyukan mabiyansa suka yi ta tsira a gefen kogin.

Baƙin sun tarar da shanun Kinana, masu ruwan toka, waɗanda har gobe ake yabon nononsu a Sudan. Daga baya jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho suka biyo sawu. Da damina garke kan nisanci taɓo da ƙuda, da rani ya gangaro kogi ya ci karan dawa, ya bar wa manomi taki.

Sai aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira. Mutanenmu suka zama ƙashin bayan tsinkar auduga da tuge itacenta, wanda doka ta ce a ƙone duk shekara saboda cuta. Kafin a tuge, akan saki dabbobi su cinye ganyen, ga kuma harawar wake. Lebura da yawa da kuɗin tsinka ya sayi karsanarsa ta farko. Amma ƙasar da za a ɗaure ta fa? Mafi yawansu ba su sami hawasha ba, wato gonar da hukuma ke ba mai haya. A kambo suka zauna, sansanin bukkoki a bakin magudanar ruwa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ƙara dagula lissafi, domin ta nemi a nuna cewa kakanni na zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897. Ayarin Burmi ya makara da shekara tara.

A ganina abin da ya fi cin makiyaya ba auduga ba ce, tarakta ce. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, a 1971 kuma gwamnatin Numairi ta soke ikon sarakunan gargajiya. Hurumin da baki da amana suka riƙe shekara sittin ya wayi gari ba shi da takarda. Aka yanka dajin fili-fili aka ba 'yan kasuwa su noma dawa da riɗi, burtali ya tsuke. Gabas ga gandun dajin Dindir, wanda aka killace tun 1935. Kudu ga madatsar Rusairis ta 1966. Masu manyan garke suka yi ta matsawa wajen iyakar Habasha.

Sarautar dai ta farfaɗo, kuma tana nan a hannun jikokin Attahiru. Shanun ne ba su gama shan wuya ba: a yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba, suka shiga Sinja a Yunin 2024, kuma a ƙauyuka da dama na Jazira da Sinnar an kora garke gaba ɗaya, mai shi yana tsaye yana kallo.