Yadda Katsina Ta Samu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a

Muhammadu Dikko yana riƙe da sarautar Durbi lokacin da Turawa suka ɗora shi kan gadon sarautar Katsina a 1906. A zamaninsa, talakan da alƙalin gunduma ya danne wa haƙƙi sai ya yi guzuri ya shigo birni, ya gurfana gaban babban alƙali, in bai gamsu ba ya kai kuka fada. Daga fada magana ta ƙare, sai fa in Razdan ya duba littafin kotu ya ga abin da bai kwanta masa ba.

Wannan tsari ya fara girgiza a 1947, kan shari'ar Tsofo Gubba. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, ta ce a dokar Turawa laifin bai kai na kisa ba. Sarakuna da malamai suka ji zafin abin, kuma suna da hujja: yaya wanda bai karanta Mukhtasar ba zai warware hukuncin wanda ya karantar da shi? A 1956 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi, amma ita ma ana iya tsallake ta a tafi Babbar Kotu.

Gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka fitar da dokar Final Kod don manyan laifuffuka, sannan a 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, aka bar mata aure da saki da gado da makamantansu. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Girandi Kadi a 1962. An ba kotun daraja, an kuma rage mata fili. Bayan 'yan shekaru, lokacin mulkin soja, Hassan Usman Katsina yana gwamnan Arewa aka rushe kotunan sarakuna, ciki har da ta mahaifinsa, Sarki Usman Nagogo. Alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma ma'aikatan gwamnati.

Duk tsawon wannan lokaci, Bakatsinen da zai ɗaukaka ƙara zuwa wannan mataki kotun Kaduna yake dogaro da ita. Sai da Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, sannan jihar ta samu tata kotun da nata Girandi Kadi.

Tsarinta a yau yana cikin kundin mulki na 1999. Gwamna ke naɗa Girandi Kadi da sauran kadi-kadi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, shi Girandi Kadi kuma sai Majalisar Dokoki ta amince. Kotun ba ta zama da ƙasa da kadi uku. Ba a fara shari'a a can. Rajistara ke karɓo kwafin shari'ar da aka yi a ƙasa, kadi-kadi su bi shi layi-layi: an yi wa wanda ake ƙara i'izari? An tantance shaidu? Wa aka ba rantsuwa, kuma shi ya kamata a ba? Matar da aka raba da ɗanta, ko marayan da aka ci wa kasonsa a rabon tarika, a irin waɗannan tambayoyi haƙƙinsu yake rataye. Wanda bai gamsu ba yana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli.

Duniya ta san sunan kotun nan a 2003. Bayan jihar ta faɗaɗa aiki da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin rajamu a Maris 2002, babbar kotun Funtua ta tabbatar a Agusta. Ranar 25 ga Satumba, 2003, kadi huɗu cikin biyar suka wanke ta. Jaridun waje sun ɗauka matsin lambarsu ce ta yi aiki, amma hujjojin daga fiƙihu da dokar jiha suka fito: alƙali ɗaya ya zauna a Bakori alhali doka ta ce uku, mai iƙirari yana da damar janyewa, kuma Malikiyya ta yarda da kwantaccen ciki, wanda ake iya jingina wa tsohon miji. A ganina ranar ce kotun ta fi nuna amfaninta, domin da babu ita, da kuskuren alƙali ɗaya ya ci rai.

Abin da har yanzu yake damun jama'a shi ne rikicin gona da fili. Kotun Ƙoli ta yanke cewa kundin mulki bai ba wannan kotu ikon sauraron jayayyar mallakar ƙasa ba, in ba ta shafi gado ko wasiyya ko kyauta ko waƙafi ba. Manomi daga Mani ko Rimi zai yi shekaru yana zarya, ya biya lauya, ya ci nasara gaban kadi-kadi, daga baya a ce masa tun farko ba ƙofar da ya kamata ya shiga ba ke nan. Gyaran wannan yana hannun Majalisar Tarayya, kuma ya daɗe yana jiran ta.