Tsarabar bikin yara: Yadda ake zaɓen kayan wasan taɓawa

Kayan wasan taɓawa su ne waɗanda yaro ke murzawa, ko matsawa, ko kaɗawa domin ya ji laushinsu ko ƙararsu, kamar ƙullun wasa na Play-Doh da ƙwallon matsawa da kacau-kacau. Suna ƙarfafa yatsun yaro, kuma ana yawan raba su a bukukuwan yara.

Abin dubawa na farko shi ne girma. A dokar Amurka, duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3.17 bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba, domin yana iya shaƙe shi. Tunda tsaraba gida ake kai ta, da autan gidan ya kamata a auna ta, ba da yaron da aka gayyata ba.

Na biyu shi ne abin da kayan suka ƙunsa. Ƙwayoyin roba masu kumbura idan sun sha ruwa kan toshe hanji in an haɗiye su. A Disambar 2023 kamfanonin Amazon da Walmart suka sanar da daina sayar da waɗanda ake tallata wa yara. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli kuwa yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2. Play-Doh na ɗauke da alkama, wadda jikin wasu yara ba ya karɓa.

Don haka mafi aminci shi ne abu babba dunƙulalle, marar batir, wanda aka rubuta shekarun da ya dace da su a jikin kwalinsa.