Neman ma'aunin ekzima a cikin jini

A shekarar 1933 ne likitocin fata biyu na birnin New York, Fred Wise da Marion Sulzberger, suka raɗa suna na musamman ga wata irin ekzima da ke fara kama mutum tun yana jariri, tana busar da fata, tana sa ƙaiƙayin da ke hana barci. Sun lura cewa tana yawan zuwa tare da asma da murar bazara a zuri'a ɗaya. Wannan cuta dabam take da ƙyasbi, farin tabon nan da wata irin funfuna ke haddasawa, duk da cewa a Najeriya akan kira shi da sunan ekzima.

Samun suna bai warware matsalar awo ba. Likita yana duban fata da ido, ya ce ta yi tsanani ko ta lafa, wani likitan kuma ya duba ya saɓa masa. Abin da aka rasa shi ne wata alama a jini da za ta hau idan cutar ta tashi, ta sauka idan ta kwanta.

Tun a 1879 Paul Ehrlich na Jamus ya gano wani nau'in farar ƙwayar jini da ke shan jan rinin eyosin, wadda aka sa wa suna eyosinofil. Tana yawaita a jinin masu ekzima. Sai kuma tsakanin 1966 da 1967, Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denver, da Gunnar Johansson da Hans Bennich a Uppsala ta Suwidin, suka gano furotin na garkuwar jiki da aka sani yanzu da IgE. An ɗora masa buri sosai, domin a jikin wasu marasa lafiya yakan ninka na masu lafiya sau da yawa. Amma ya kasa zama ma'auni. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu cutar IgE ɗinsu daidai yake, ga shi kuma yana da nawa: fata ta warke, shi bai sauka ba sai bayan watanni.

Fahimta ta sauya a 1986, lokacin da Tim Mosmann da Robert Coffman a Kalifoniya suka nuna, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa ƙwayoyin T mataimaka iri biyu ne. Iri na biyu, Th2, yana sakin saƙonnin sinadari, musamman IL-4 da IL-13, waɗanda ke umartar jiki ya ƙera IgE, su share wa eyosinofil hanyar shiga fata, su kuma raunana shingen fata. Ashe IgE hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. A 2006 ayarin Irwin McLean a Dundee ta Sukotland ya ƙara wani sashe na labarin: naƙasa a ƙwayar gadon filagirin tana barin fata a buɗe, ruwa ya tsere, abubuwa masu tayar da garkuwa su kutsa.

Alamar da ta fi dacewa da buƙatar likitoci daga Jafan ta fito. Masu bincike a can sun gano TARC a 1996, wani sinadari da ke jawo ƙwayoyin Th2 zuwa fata, kuma a 2001 aka nuna cewa yawansa a jini yana bin tsananin cutar sau da ƙafa. Daga 2008 inshorar lafiya ta Jafan ta fara biyan kuɗin gwajinsa. Amfaninsa a fili yake: fata na iya yin sumul alhali kumburi na nan a ƙarƙashi, kuma idan aka dakatar da man shafawa a wannan hali, cutar takan dawo. Da aka amince da maganin dupilumab a Amurka a 2017, wanda ke toshe hanyar IL-4 da IL-13, an ga TARC yana faɗuwa cikin makonni, yayin da eyosinofil a jinin wasu ya ɗan hau na wani lokaci duk da fatarsu tana samun sauƙi.

Ga mai baƙar fata, wannan tarihi yana da giɓi. Ma'aunin ido na SCORAD, wanda likitocin Turai suka fitar a 1993, yana ba da maki ga jan da fata ta yi, a baƙar fata kuwa kumburi yakan fito toka-toka ko duhu, don haka akan raina tsananinsa. Naƙasar filagirin da ta yawaita a Turawa ba kasafai ake samun ta a 'yan Afirka ba. Sannan tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga IgE da eyosinofil ko babu ekzima, wanda ke rage darajar waɗannan gwaje-gwaje biyu a wuraren da cututtukan suka yi katutu. Gwajin TARC kuwa har yanzu ba a cika yin sa a asibitoci a wajen Jafan ba.