Maroƙi, Ɗan Kamasho da Wanda Ya Ari Sunan Fasinja

Da wuya a sami mai yawan hawa motar haya a ƙasar nan da bai taɓa zama kusa da wani irin mutum ba. Za ka same shi a kujerar taga, da 'yar jakarsa a kan cinya, fuskarsa irin ta wanda ya ƙosa a tashi. Kana leƙowa sai ya ce, "Shigo malam, saura mutum biyu. Direban nan na san shi, ba ya ganganci." Ka biya ka zauna. Da fasinjoji sun fara ƙaruwa sai ya sulale ya fita kamar zai sayo ruwa, ba kuwa za ka sake ganinsa ba sai a wata motar. Babu inda za shi. Biyansa aka yi ya zauna, ya kuma yabi motar.

Shin me ake kiran wannan mutum?

Tambayar ta fi dacewa da gari irin Kafanchan, wanda tafiya ce ta raya shi. Tun 1927 ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Da harkar jirgi ta ja baya sai motoci suka karɓa: masu zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachia, masu bin Kagoro zuwa Jos, masu yin Kwoi, kusa da ƙauyen Nok, su zarce Keffi. A gida mutane na magana da Jju, Tyap, Hyam ko Fantswam, amma a tasha da kasuwa Hausa ce ke haɗa su. Saboda haka sunan da Hausa ta ba mai sana'a, shi ne sunan da kowa zai kama shi da shi ranar da aka sami saɓani.

Hausa kuwa ba ta yi rowar sunaye ga masu yabo don a biya su ba. Na farko shi ne maroƙi, kuma sunan kansa ya riga ya faɗi komai: roƙo yake yi. Duk wanda ya ji maroƙi yana koɗa attajiri ya san kuɗi ake nema, don haka yakan saurari yabon da ma'auninsa. Ba a nan abin ya tsaya ba. A wurin biki ko a fada akwai sanƙira, wanda aikinsa ya ɗaga murya ya shelanta cewa wane ya ba da riga, wane ya ba da kaza. Wato ladan yabon ma a bainar jama'a ake ƙirga shi. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya kuma yi rubutu kan Kagoro, ya fitar da nazari kan roƙo a 1957, inda ya ɗauke shi a matsayin sana'a mai tsari da matsayi a cikin al'umma. Mutum na iya raina roƙo, amma ba zai ce maroƙi ya yaudare shi ba.

Haka ɗan kamasho. Yana tsaye bakin mota yana kiran "Jos! Jos! Mutum ɗaya!", kuma kamashon da zai karɓa yana maƙale a jikin sunansa. Haka dillali da la'adarsa. Manomin citta da ya kai buhunansa kasuwar Kwoi ko Kachia ya san dillali ba don zumunci yake kai-komo tsakaninsa da mai saye ba. Ana iya jayayya kan yawan la'adar, amma ba a jayayya kan cewa akwai ta. Yarinya mai talla ma idan ta ce gyaɗarta ta fi ta kowa daɗi, farantin da ke kanta ya isa shaida cewa mai kaya ce ke magana. Ko sojojin baka, waɗanda suka yi suna a gidajen rediyon Kano wajen kare iyayen gidansu na siyasa, mai sauraro ya san kowannensu da wanda yake yi wa yaƙi.

Sai a gangaro ga sunayen da ke ɗauke da zargi: bambaɗanci, tumasanci, fadanci, da 'yan amshin Shata, waɗanda duk abin da babba ya faɗa shi suke maimaitawa. Waɗannan duka suna nufin yabon da ake yi wa mai abu a gaban idonsa don a samu wani abu. Wanda ake ruɗa a nan shi ne wanda ake yabo. Mutumin kujerar taga kuwa ba direba yake ruɗa ba, ni da kai yake ruɗa.

Kalmar da ta fi matsowa ita ce ɗan kore, mai janyo wa ɗan kasuwa masu saye. Amma ɗan kore yakan tare ka ne a fili ya ce zo ga shagonmu. Mutumin kujerar taga kuwa duk ƙarfinsa yana cikin ɓoye ko shi wane ne. Ba shi da sunan sana'a domin sunanka ya ara. Ranar da aka ce masa "ɗan kaza" a gane shi, aikin ya mutu. Abin da baki ke iya kawowa shi ne "fasinjan bogi", kamar yadda ake cewa likitan bogi. Ɗan'uwansa shi ne wanda ke tashi a tsakiyar taro lokacin da mai tallar magani ke bayani, ya rantse cewa wannan maganin shi ya raba shi da ciwon baya, alhali tare suka zo, tare kuma za su raba ciniki da yamma.

Malaman fiƙihu sun daɗe da ba abin suna: najashi. Shi ne mutum ya taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba, sai don wani ya ji ya biyo. Hani a kansa ya zo a hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, kuma Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa. Abin da aka hana a nan ba talla ba ce, ba kuma yabon kaya ba. An hana mutum ya shiga rigar mai saye alhali ɗan gidan mai sayarwa ne. Kiristocin Kudancin Kaduna ma ba baƙi ba ne ga wannan hukunci, domin sura ta 11 ta Littafin Karin Magana da la'antar ma'aunin zamba ta fara. A ganina shaidar ƙarya kan kaya ma'auni ce da aka yi wa algus, tunda da ita mai saye yake auna abin da bai gani ba.

Kada a zaci ƙananan mutanen tasha ne kaɗai ke wannan. A 2009 maganar kamfanin Royal Caribbean, mai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, ta fito fili: ya zaɓi wasu daga cikin masu yawan yabonsa a intanet, ya laƙaba musu suna Royal Champions, wato zakarun kamfanin, yana gayyatarsu tafiye-tafiye na musamman kyauta. Sauran matafiya da ke karanta yabonsu ba su san da wannan alheri ba, shi ya sa da labarin ya fasu mutane suka fusata. A lura da sunan da aka zaɓa musu. Ba a ce 'yan talla ba, aka ce zakaru. A nan gida ma haka ake yi: a kira mutum "jakadan kamfani", a kira kuɗin da aka ba shi "na goro" ko "ɗan ihsani", don dai kada a furta kalmar lada. Jakadan da aka sanar da naɗinsa ba shi da laifi, maroƙi ne na zamani. Wanda ke damuna shi ne mai ɗaukar bidiyo a cikin mota ko otal ko wurin mai magani, ya sa a Facebook ko TikTok yana cewa "ni dai na gwada ne na ga ya kamata in faɗa muku", kuɗin kuwa tuni sun shiga asusunsa.

Hukumomi sun fara farga. A Agustan 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da shaidar bogi kan kaya, tare da tarar da ke iya haura dala 50,000 kan kowane laifi. Birtaniya ta yi tata dokar a shekarar, ta fara aiki a Afrilun 2025. A Najeriya akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, da hukumar ARCON mai sa ido kan tallace-tallace, wadda aka kafa da dokar 2022. Sai dai jami'in da ke Abuja ba zai zo ya duba wa ke zaune a kujerar taga a tashar Kafanchan ba.

Wannan aikin shugabannin tasha ne da sarakunan kasuwa, kuma ba ya bukatar kuɗi. A hana zaunar da wanda ba matafiyi ba a cikin mota. Wanda aka biya ya yabi mota, ko citta, ko magani, ya yi yabonsa son ransa, amma ya fara da cewa an biya shi. Kai kuma mai karatu, duk wanda ya zage yana yaba maka abin da za ka fitar da kuɗinka a kai, tambaye shi kai tsaye: "Malam, kai fasinja ne ko ɗan kamasho?"