Tashar lantarkin iska ta tsibirin Lewis: dalilin da ya sa Sikotland ta hana gina ta

A ranar 21 ga Afrilun 2008 gwamnatin Sikotland ta ƙi amincewa da gina tashar lantarki mai aiki da iska a tsibirin Lewis, wadda da an gina ta da ta shiga sahun mafiya girma a kan tudu a nahiyar Turai. Hukuncin ya fito ne daga gwamnatin da ke kan gaba wajen goyon bayan makamashi mai tsafta, shi ya sa har yau ake kafa misali da shi. Abin da ya nuna shi ne cewa tsaftar wutar da injin zai samar ba ta wanke ɓarnar da kafa shi zai yi idan aka zaɓi wurin da bai dace ba.

Wurin da kuma aikin

Lewis na cikin jerin tsibiran Hebrides da ke arewa maso yammacin Sikotland, cikin tekun Atilantika. Babban garinsa shi ne Stornoway, mazaunansa sun kai kimanin 20,000, kuma da yawansu na magana da harshen Gaelic. Iska mai ƙarfi na kaɗawa a can kusan duk shekara, ita ce ta ja hankalin masu zuba jari.

A 2004 kamfanin Lewis Wind Power, haɗin gwiwar AMEC da British Energy, ya nemi izinin kafa fankoki 234. Da suka ta yi yawa, sai ya rage su zuwa 181 a 2006, masu ƙarfin kusan megawat 650. Tsayin kowace fanka daga ƙasa zuwa ƙarshen fiffikenta zai kai mita 140. Aikin zai kuma buƙaci sababbin hanyoyi masu tsawon kimanin kilomita 140, da wuraren fasa dutse guda biyar, da turaku da wayoyin dakon wuta.

Ƙasar da ke ƙarƙashin fankokin

Mafi yawan arewacin Lewis dausayi ne mai faɗi, marar itatuwa, wanda baƙar ƙasa mai laushi ta lulluɓe. Wannan ƙasa ragowar ciyayi da gansakuka ce da suka mutu cikin ruwa amma ba su gama ruɓewa ba saboda ƙarancin iskar shaƙa. Kaurinta na ƙaruwa da kusan milimita ɗaya kacal a shekara, wato mita ɗaya na cin shekara dubu. Irin wannan dausayi bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke ajiye a cikinsa ya fi na dukkan dazuzzukan duniya.

Muddin ƙasar na jiƙe, kabon na nan a kulle. Da zarar an haƙa ramin harsashi, an shimfiɗa hanya, an yanka magudanar ruwa, sai ta bushe ta fara ruɓewa, kabon ya fice zuwa sararin samaniya. Ta haka tashar da aka gina don rage ɗumamar yanayi kan fara aiki da bashin hayaƙi a wuyanta, bashin da sai ta shekara da shekaru tana biya.

Akwai kuma haɗarin zaftarewa. A Oktoban 2003, ana cikin gina tashar iska a Derrybrien da ke yammacin ƙasar Ayaland, irin wannan ƙasa ta zame daga kan tudu ta kwarara cikin kogi, ta kashe dubban kifaye. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta ci Ayaland tarar yuro miliyan 5, da ƙarin yuro 15,000 a kowace rana, saboda ba a yi cikakken binciken tasirin aikin ga muhalli ba.

Tsuntsaye da doka

Yawancin fankokin Lewis za su faɗa ne cikin yankin da dokar Tarayyar Turai ta keɓe don kare tsuntsaye. Gaggafa da wani ƙaramin shaho da tsuntsayen bakin ruwa iri-iri na hayayyafa a wurin. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, wadda ke goyon bayan lantarkin iska a wasu wurare, ta tsaya kai da fata wajen adawa, tana nuni da haɗarin karo da fukafukan injin da kuma rasa wuraren sheƙa.

Dokar ba ta yarda a yi aikin da zai cutar da irin wannan yanki ba, sai idan babu wani zaɓi kuma akwai babbar maslahar jama'a. Ministan makamashi na lokacin, Jim Mather, ya yanke cewa ɓarnar za ta yi yawa, kuma Sikotland na da wasu wuraren da za ta iya cika burinta na makamashi.

Rabuwar kan mazauna

Majalisar ƙaramar hukumar tsibiran ta goyi bayan aikin a 2007, domin yankin ya daɗe yana fama da ƙaurar matasa da ƙarancin aikin yi, ga kuma alkawarin kuɗin haya da ɗaruruwan ayyuka. Sai dai wasiƙun adawa da suka isa hannun gwamnati sun kusa 11,000, na goyon baya kuwa ba su kai 100 ba. Ga ƙananan manoman tsibirin, dausayin makiyayar tumakinsu ce ta gandu, daga nan kuma suke yanko baƙar ƙasar su busar su yi makamashin hunturu da ita. A fili marar itace ko tudu mai tsawo, babu abin da zai ɓoye hasumiya mai mita 140, don haka kamannin ƙasar da suka gada za su sauya gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya

Hukuncin bai rufe ƙofar lantarkin iska a Lewis ba. A 2008 gwamnatin Sikotland ta fitar da tsarin lissafin kabon da tasha za ta fitar daga dausayi da wanda za ta rage. A 2012 aka amince da ƙaramar tasha mai fankoki 36 kusa da Stornoway. A 2015 kuma al'ummar Point da Sandwick suka fara cin gajiyar fankoki uku masu megawat 9 mallakar kansu, waɗanda ribarsu ke komawa ga ayyukan raya yankin.

Tambayoyin da rikicin Lewis ya bari su ne waɗanda ake yi wa duk wata tasha da ake shirin kafawa a kan tudu: me ke ƙarƙashin ƙasar, wace halitta ke rayuwa a kanta, su wa ke amfani da ita, kuma aljihun wa ribar za ta shiga.