Akwatin ajiyar keke da ake buɗewa da wayar salula: yadda yake aiki

A wasu biranen Turai da Amurka, wanda ya je tashar jirgin ƙasa da keke yana iya rufe shi cikin akwatin ƙarfe, makullin kuma yana cikin wayarsa. Mutum zai sauke manhajar kamfanin, ya yi rajista, ya sa hanyar biyan kuɗi. In ya iso, manhajar ta nuna masa akwatin da ba kowa, ya taɓa waya, ƙofa ta buɗe. Ana biya da awa, ko kuma na wata.

Me ya kawo wannan? Sata. Sarƙa da kwaɗo ba sa tsare ɓarawon da ya zo da abin yankan ƙarfe, in ma ya kasa yankewa sai ya kwance ƙafa ko sirdi ya yi gaba. Ga kuma kekuna masu batir, waɗanda kuɗinsu ya ninka na keken da muka sani. Akwatin yana ɓoye keken ɗungurungum, yana kare shi daga ruwa da rana, na'urar kuma tana rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe.

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai tsarin BikeLink, da kati ko da waya. A Landan, rumfar Bikehangar tana cin keke 6 a rabin filin da mota ɗaya ke tsayawa. Japan kuwa ta wuce nan: na'urar Eco Cycle ta kamfanin Giken tana saukar da keke cikin wani rami mai kama da rijiya, ramin guda yana ɗaukar keke 204.

To, mu a nan fa? Aikin ba baƙo ba ne. Mai gadin da ke bakin kasuwa ko asibiti, wanda zai ba ka tikiti ka ba shi ƴan canji, shi ne akwatinmu. Bambancin shi ne akwatin waya ba ya tashi sai da wuta, da rezo, da caji a wayarka. Anou Araren na da tashar wutar SONICHAR mai aiki da gawayi, amma ƙura da zafin Agadas ba sa raga wa kayan lantarki. Kuma abin da ake yawan sacewa a wajenmu moto ne, wanda ke son akwati babba.

Sai maganar da ta fi muhimmanci, jama'a: in kaya ya ɓace, wa zai biya? Mai gadi ka san fuskarsa, ga tikiti a hannunka, kuna iya zuwa gaban hukuma. Kamfanonin akwati da yawa kuwa suna rubutawa cikin sharuɗɗansu cewa asarar ba a wuyansu take ba, shi ya sa ake shawartar mai keke ya ƙara ɗaure shi da sarƙa ko a cikin akwatin.