Sunayen da ke Bayan Hoto

Kwana arba'in bayan rasuwar Baffana, ƙanen mahaifina, muka taru a zauren gidanmu na Zandam, cikin ƙasar Gwaram, domin buɗe adakar ƙarfen da ya shekara da shekaru yana ajiye da ita a ƙarƙashin gadonsa. Ba mu tarar da dukiya ba. Abin da ke ciki shi ne takardar sallamarsa daga aikin soja, da lambobin yabo biyu da suka yi tsatsa, da kyamara ƙirar Yashica a naɗe cikin tsohon rawani, sai kuma hotuna ƙulli-ƙulli. Magada suka duba suka ce babu abin rabo a nan, aka tura mini adakar tunda ni ne ɗan boko. Da dare ya yi na kunna fitila na fara juya hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da abin da ya hana ni barci: babu hoton da Baffa bai rubuta sunan mai shi da garinsu a bayansa ba, wani da boko, wani da ajami.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Adakar Baffa ce ta sa na fara tuhumar wannan karin magana. Tarihin sojan ƙasar nan cike yake da gani, amma ganin fuskoki ne da ba a san masu su ba. An daɗe ana ɗaukar hoton sojan Arewa kafin shi da kansa ya riƙe kyamara, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan zamuna biyu ita ce abin da nake son bibiya, ta hanyar rayuwar mutum ɗaya da sha'awar hoto ta kai shi bariki.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin sura ba ne. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin da ba a kiwonsu a nan yanzu. A shekarun 1950 ne Bernard Fagg da ma'aikatan hukumar kayan tarihi suka yi nazarinsu suka sanar da duniya. Duk wanda ya tsaya gaban zanen zai tabbatar da cewa wani ya taɓa zama a wurin, ya kalli garkensa, ya so kada a manta da shi. Shanun sun wanzu, amma sunan mai zanen ya ɓace. Wannan ita ce ƙaddarar surar da ba a haɗa ta da magana ba.

Ita kuwa kyamara, tare da bindiga ta shigo mana. Rundunar da Lugga ya kafa, wadda ta ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris na 1903, hafsoshinta Turawa ne, amma yawancin masu riƙe da bindigoginta 'yan ƙasa ne, da Hausawa da yawa a cikinsu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a na binsa gari bayan gari, har aka tarar da shi a Burmi, cikin jihar Gwambe ta yau, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903. Masana tarihi sun ruwaito cewa an ɗauki hoton gawarsa an yaɗa domin a yanke ƙaunar masu cewa yana nan da rai. Ke nan ɗaya daga cikin ayyukan farko da hoto ya yi wa soja a ƙasar nan shi ne karya zukata. Ba abin mamaki ba ne da kakanninmu suka ɗauki wannan akwati mai ido ɗaya a matsayin kayan mai mulki.

Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗaɗa lamarin. An kwashi dubban samari daga garuruwanmu zuwa Habasha da Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi bayanta, suka haɗu a kan Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliyoyin Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan Japanawa. Har yau sunayen barikokinmu na tuna wannan tafiya: Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas. A 1941 sojan Ingila ya kafa sashen fim da hoto na kansa, ya tattaro masu sana'ar da masu sha'awarta, ya horar da su, ya ba su muƙamin saje, ya tura su fagen daga. A nan ne ɗaukar hoto ya zama aikin soja sosai, mai albashi da igiya a hannu. Hotunan da suka ɗauko na sojojinmu suna nan a gidan tarihin yaƙi na Landan. Mai dubawa zai ga mutum da tsagen gidansu a kumatu, yana ratsa kogi da kaya a ka, amma bayanin da ke ƙarƙashin akasarinsu bai wuce a ce sojojin Afirka ta Yamma ba. Tsagen ya faɗi asalinsa, takardar ta yi shiru.

Baffa ya taso ne a bayan wannan yaƙi, lokacin da 'yan Bama ke zaune a gindin bishiya suna ba yara labarin dajin da rana ba ta ratsa shi. Ya sha gaya mini cewa abu biyu ne suka kama zuciyarsa yana yaro. Na farko majigi, motar da ke zuwa ƙofar hakimi da dare ta haska fim a jikin farin ƙyalle, mai sharhi na bayani da Hausa. Na biyu wani mai hoto ɗan kudu da ke zuwa kasuwar Birnin Kudu da akwatinsa mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin zane, ya cusa hannu ciki, jim kaɗan ya fito da fuskar mutum a jiƙe a kan takarda. Baffa ya liƙe masa, yana ɗebo masa ruwa yana riƙe masa labule, har ya koyi sirrin kwanoni uku: maganin da ke fito da sura, da ruwan ɗauraya, da maganin da ke tsayar da ita kada haske ya cinye. Da ya tafi cin rani Kano, kuɗin dakon gyaɗa ya tara ya sayi tsohuwar kyamara ƙirar Kodak a Sabon Gari.

Kakanmu malami ne, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ba. A ganinsa sura ba ta da gurbi a gidan da ake karatun Alƙur'ani, aikin soja kuwa na waɗanda ba su da mafaɗi ne. Wannan ra'ayi ba nasa ba ne shi kaɗai, haka yawancin dattawan zamaninsa suke kallon abubuwan biyu, kuma wanda ya san labarin Burmi ba zai yi saurin ganin laifinsu ba. Baffa ya riƙa ɓoye kyamarar a rumbu, sai ranar salla ko ranar kasuwa ya fito da ita ya ɗauki abokansa. Ba ya samun ko sisi da ita, abin da yake samu a gona ma ita ke cinyewa.

Sai ga 1967. A watan Mayu Gawon ya raba ƙasa jihohi goma sha biyu, muka faɗa jihar Kano ƙarƙashin Audu Baƙo, ranar 6 ga Yuli kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu goma ba kafin yaƙin ta kumbura har ta kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin a ƙarshensa. Ana ɗiban kurata ana ba su horon makonni kaɗan ana tura su kudu. Baffa ya bi ayarin samarin da suka tafi, ya yi horonsa a Zariya, aka sa shi cikin Runduna ta Ɗaya da Muhammadu Shuwa ke jagoranta. Da bindiga aka ɗauke shi, kamar kowa. Kyamarar tana cikin jakarsa a naɗe da safa.

Yadda ya ba ni labari, wani samanja ne ya kama shi yana ɗaukar abokinsa a bayan tanti. Ya zaci ɗaurin gadirum zai sha, sai aka kai shi gaban wani kyaftin da ke neman wanda zai riƙa yi wa sababbin sojoji hoton katin shaida, domin mutane na shigowa fiye da yadda magatakarda ke iya tantance su. Daga ranar aka miƙa masa Yashica ta gwamnati, mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama, kowane naɗin fim yana ba da hoto goma sha biyu. Abin da ya yi shekaru yana ɓoyewa a rumbu ya zama aikin da ake biyansa a kai. Yakan mai da ajin makarantar da aka gudu aka bari ɗakin wanke hoto, ya toshe tagogi da barguna, ya rufe tocila da jan ƙyalle. Daga katin shaida aka ƙara masa da faretin bataliya, da gadojin da aka karya, da makaman da aka ƙwace, da ziyarar manyan hafsoshi. Yana cikin waɗanda suka shiga Umuahiya bayan faɗuwarta a watan Afrilun 1969, da igiya biyu ta kofur a hannunsa.

Na taɓa tambayarsa abin da ya sa yake rubutu a bayan hoto. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗan nan, mutum goma sha biyu ne a fim ɗaya. Kafin in wanke in shanya in kawo, sai in tarar biyu ko uku ba su nan. Ran nan na tsaya da hoton wani yaro a hannuna ina ta tambaya, babu wanda ya san sunansa, sai dai a ce ai ɗan wajen Haɗeja ne. Tun daga ranar ba na danna kyamara sai na tambayi mutum sunansa da na ubansa da garinsu." Na gwamnati yakan miƙa wa ofis, amma yakan wanke na biyu da takardar da ya saya da albashinsa ya ajiye.

Ba zan mayar da Baffa abin da ba shi ba ne. Mai hoton soja soja ne, inda aka nuna masa nan yake juya kyamara. Duniya ta san wannan yaƙi ne ta wasu hotuna dabam, na yaran da yunwa ta kumbura wa ciki, waɗanda irin su Don McCullin na Ingila da Gilles Caron na Faransa suka ɗauka a ɓangaren Biyafara, kamfanin Markpress na Janiba kuma yana yaɗa labarin ɓangaren a Turai. A ɓangaren tarayya, Peter Obe na jaridar Daily Times ya bi dakaru ya bar tarihi mai yawa. A adakar Baffa babu yaro mai yunwa ko ɗaya. Na tambaye shi ko bai gan su ba. Ya ce: "Na gan su. Fim ɗin ba nawa ba ne." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Amma a ƙasan adakar na sami hoton wani saurayi tsugune babu riga, ga alama kamamme ne, a bayansa an rubuta suna na Ibo da ajami, da sunan ƙauyensu. Shi ma an tambaye shi sunan ubansa.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, ranar da ta zama ta tunawa da 'yan mazan jiya. Baffa ya ci gaba da aikin hoto a bariki har ya yi ritaya da muƙamin saje. A hutunsa na farko ya hau keke ya riƙa bin ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu da ƙullin hotuna, yana neman gidajen da ke rubuce a baya. Wata tsohuwa, da labari ya kai mata, ta tako har zaurenmu, ta durƙusa gaban kakanmu ta ce: "Allah ya gafarta malam, an ce ɗanka yana da fuskar ɗana." Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Kakanmu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a kira masa Baffa. Bai taɓa cewa ya sauya ra'ayi a kan sura ba, amma daga ranar kyamarar ba ta koma rumbu ba.

Yau kowane kurtu yana da kyamara a aljihunsa, rundunar soja tana da sashen hulɗa da jama'a mai ma'aikatan hoto da bidiyo, kuma saurayin da ke da irin sha'awar Baffa zai iya shiga ta ƙofar gaba. Hotunan sojojinmu daga Laberiya da Saliyo da dajin Sambisa sun fi ƙarfin ƙirga. Sai dai yawa bai magance tsohuwar cutar ba. Hoto yana yawo a waya daga hannu zuwa hannu, babu bayan da za a yi rubutu a kai, ranar da wayar ta lalace kuma shi ke nan. Su ma na takardar ba su tsira ba: gara ta ci gefen ƙulli biyu na adakar Baffa, damina tana manne sauran, tawadar ajamin tana dusashewa. Irin wannan adaka tana nan a gidaje da yawa daga Gwaram zuwa Gumel, magada na ganin ba abin rabo ba ce. Muna da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da jami'o'i biyu a Dutse da Kafin Hausa. Aikin da ke gabansu da gabanmu ɗalibai shi ne a bi gidajen 'yan mazan jiya tun sauran tsofaffin da za su iya cewa wannan wane ne suna raye.

Ni na fara da abin da ke hannuna. Na sayi babban littafi, kowane hoto na ba shi lamba, na kwafe abin da ke bayansa da boko, na kai waɗanda ajaminsu ya gagare ni wurin wani dattijon almajirin kakanmu. Saura guda bakwai da ruwa ya wanke rubutunsu. Su nake ɗauka a aljihu duk ranar kasuwar Sara, in nemi inda tsofaffi suke zaune, in gaishe su, in miƙa.